Sunan Kakanki Mai Rijiya

Sabon Gari, Maraɗi

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ladi,

Ina gaishe ki, ina ƙara gaishe ki. Ina fata wagga takarda ta iske ki kin sauka ƙasar Italiya lahiya, jirgin bai juya maki ciki ba, sanyinsu bai kama maki ƙirji ba. Allah shi tsare gabanki da bayanki, shi haɗa ki da mutanen kirki, shi raba ki da sharrin baƙunta.

Ƙarƙashin busasshiyar zogala na sa takardar, don na san halinki. Kilishi za ki rabar, yaji za ki ajiye, amma zogala ba ki kwana biyu ba ki neme ta ba. Kada ki yi dariyar rubutuna. Aji uku na yi a lakwal ɗin Jiratawa, sauran a yaƙi da jahilci na tsinto shi. Kwana tara na yi ina rubuta ta. Inda kinka ga na goge, hannu ne ya kuskure, maganar ba ta canza ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kinka bar shi. Maganar sunan kakanki ce, uban babanki, wanda duk Maraɗi da Tibiri ke kira Mai Rijiya. Ranar da munka fara ɗaure kaya kin ce mani: "Inna, karatun ruwa za ni, ba neman dangi ba. Tsohuwar nan mi zan ce mata? Ko takardata ba ta san su ba." Ban amsa maki ba, bakina ya yi nauyi kamar kullum. To ga amsar. Tsohuwar nan Adelina ƙanwar kakanki ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage mai sunan a garinsu, idonta ya tahi, ƙafarta ta tahi. Abu guda ni ke so gare ki: ki je ki gan ta tun ba ki zauna aji ba. In takardarki ba ta san su ba, ni na jawo. Bari in faɗa maki yadda na yi, ɗaya bayan ɗaya, don kada ki taka inda na taka.

Shekarata goma sha tara anka kawo ni Maraɗi. Babanki ya gan ni a garkarmu ta zogala da ya zo gyaran injin ban-ruwa, ya so ni, na so shi, ba wanda ya tura wani. Amma birni ya ruɗe ni. Kabu-kabu ta nan, kabu-kabu ta can, ni da ko keke sai na ba shi hanya tun daga nesa. Abin da ya fi ruɗa ni kuwa cikin gida ya ke. Nasara ne surukina. Ni da ban taɓa ganin nasara ba sai cikin mota an rufe gilashi, ga shi nan tsakar gida da riga da hula, shina cin tuwo da hannu, shina shanya tumatir bisa rufin ɗaki, shina Hausar Gobirawa a karkace. Da saurayintarshi ya zo ƙasar nan da masu ginin rijiyoyin siminti. Aiki ya ƙare, abokanshi sunka koma, shi ya zauna. Ya musulunta, ya auri kakarki mutuniyar Tibiri, wadda ta rasu ban iske ta ba. An ba shi sunan musulunci, amma sunan gidansu bai yar ba.

Kin san yadda anka tarbiyyantar da mu. Suruki ba a kallon idonshi, ba a ci gabanshi, a durƙushe a ke gaishe shi, sunanshi kuwa ko a mafarki. Ni kuma na ɗauki abin da zafi, don kada a ce 'yar ƙauye ba ta da kunya. Da na ji tarinshi sai in faɗa madafa.

"Ke 'yar Jiratawa," in ji shi, "ni dodo ne? Ni fa Bagobiri ne, tsage kaɗai ya rage mani."

Ni dai sai in ja mayafi in rufe baki.

Da cikinki ya fito, shi kuma tarin ya ƙaru, ƙurar rijiya ta shekara da shekaru ta zauna mashi a ƙirji. Wata la'asar ya kira ni gindin lemun nan. Ya ce: "Zo ki zauna in ba ki labarin gidanmu. Mijinki kullum shina bisa hanya, ke za ki ba abin da ke cikinki." Ladi, gudu na yi. Na shige madafa na ɗauki taɓarya, ko hatsin kirki babu cikin turmin.

Bai yi fushi ba. Ya jawo kujerarshi kusa da bangon madafa, ya kamo jar akuyarmu ya ɗaure ta jikin ƙafar kujera. Ya ɗaga murya ya ce: "To, akuya, tun da 'yar Jiratawa ba ta da kunne, ke ki saurara." Kwana huɗu shina ba akuya tarihi. Ita tana cin ɓawon lemu, ni ina daka.

Ga abin da ya tsallako bango ya iske ni.

Su can, suna ba ya tsayawa ga uba kamar namu. Mu, sunanki da na babanki, shi ke nan, jika ya zo a sake. Su kuwa suna guda ne ke bin gida, daga kaka zuwa jika zuwa tattaɓa-kunne. Shi da kanshi ya ce wa akuya: "Mutanen nan a kumatu su ke tsage, mu a suna mu ke yin namu." Ya ce garinsu bisa dutse ya ke, ƙarami, bai kai Jiratawa ba, akwai wani icce da su ke niƙa 'ya'yanshi su yi gari in alkama ta ƙare. Gidan kakanninshi shina bakin wani idon ruwa da ke fitowa daga cikin dutse, duk garin nan su ke ɗiba. Wata shekara, tun zamanin da ba mai tunawa, idon ruwan ya ƙafe ƙaf. Wasu sun ce fari ne, wasu sun ce ƙasa ce ta motsa. Mutane sunka shiga yi masu gori, in an ga ɗan gidan a ce ga na idon ruwan da ya ƙone. Limamin cocinsu ya rubuta haka cikin littafin haihuwa, sai gori ya zama suna. Ma'anarshi ke nan: idon ruwan da ya ƙone.

Ya ce haushin gorin ne ya sa sunka koyi neman ruwa. Uba ya koya ma ɗa, ɗa ya koya ma jika, har ya zama in ana son rijiya a ƙasarsu ta duwatsu, su a ke aika ma. Amma sana'ar da ta ɗaukaka su ita ta watsa su, don mai ginin rijiya ba ya zama inda ruwa ya samu. Wasu sun ƙetare teku ba su waiwayo ba. Yaƙi ya ci wasu. Gidan kuma ya cika haihuwar mata, su yi aure, 'ya'yansu su ɗauki sunan wani gida. Na leƙa ta kafar bango na gan shi shina lissafa ma akuya masu sunan da yatsu. Bai cika hannu biyu ba ya tsaya. Ya ce duk inda anka ji sunan nan a duniya, jini guda ne, ba a taɓa samun wani gida da shi ba. Ke ma da kinka bincika cikin wayarki bara, ai abin da kinka gani ke nan: mutum ƙalilan, wani can bayan teku, wani kuma sanarwar mutuwarshi ce ta fito.

Wannan shi ne rabin da na ji. Ɗayan rabin taɓarya ta cinye. Ya faɗi sunan uwarshi, ban kama ba. Ya faɗi dalilin da ya sa bai taɓa komawa ba ko sau ɗaya, daidai nan na ƙara ƙarfin daka, don na ji muryarshi tana rawa, kunya ta kama ni a madadinshi. Yau da za a ce in ba da duk kwallayena in ji maganar nan, da na bayar. Akuya ta ji, mun kuwa yanka ta ranar sunanki.

Don haka, ɗiyata, in babba ya ce zo ki zauna, ki ajiye taɓarya ki zauna. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba, can ma ki riƙe ta. Amma kunyar da ke toshe kunne ba ladabi ba ce, asara ce. In kin je wurin tsohuwa, ki zauna kusa da bakinta. Ko ba ki gane rabin yarenta ba, ki kunna wayarki ta ɗauka. Ki tambaye ta sunan uwarsu. Ki tambaye ta mi ya hana wanta komawa.

Kuskure na biyu shi ne babba, shi ne wanda ke cikin fasfonki.

An haife ki babanki shina wajen Agadas, sun tahi gyaran injin haƙa, da katinshi na ɗan ƙasa cikin aljihu. Kakanki kuwa shina kwance. Anka ce a je meri, wato ofishin magajin gari, a yi maki takardar haihuwa kada lokaci shi wuce. Sai na goya ki, Iya Hassu maƙwabciyarmu mai ƙosai ta raka ni. Ban taɓa shiga buro ba sai ran nan. Har takalmina na cire a bakin ƙofa, Iya Hassu ta ce: "Ke, masallaci ne? Mai da su."

Mushen da ke rubutu, wato ma'aikacin wurin, mutumin kirki ne, ba ni ɗora mashi laifin komi. Ya tambayi sunanki, na yi shiru, ke ce ta fari. Iya Hassu ta faɗa. Ya tambayi sunan uba, na sunkuyar da kai, Iya Hassu ta faɗa. Sai ya ce: "Ashe ɗiyar ɗan Mai Rijiya ce. Ai su suna da sunan gida irin na nasara. Mi ne ne sunan, in sa mata?"

Iya Hassu ta ce: "Mai Rijiya mana."

Ya yi dariya ya ce: "Iya, wannan laƙabi ne. Madam, ke ai kin sani."

Na sani, Ladi. Kwana huɗu ina jin shi ta bayan bango, har cikin barci ina jin shi. Shina nan bisa harshena. Amma ga maza cike da buro, ga Iya Hassu da bakinta ya fi kaskonta zafi, kahin la'asar duk Sabon Gari sun ji 'yar Jiratawa ta kama sunan surukinta gaban jama'a. Ya ce to in rubuta mashi a takarda. Na ga rubutawa da faɗa ai duk ɗaya ne. Sau uku bawan Allah nan ya tambaye ni. A na ukun na ce: "Ban sani ba." Ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta sunanki da na babanki irin na kowa, ya buga hatimi.

Da munka dawo, tsoho ya ce a kawo mashi takardar. Ya sa madubin idonshi, ya karanta, ya juya bayanta ko akwai saura. Ya miƙa hannu anka ba shi ke, ya daɗe shina kallonki, ya ce: "Amaryata, an bar ki ba tsage." Ya yi 'yar dariya don kada in ji ciwo. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Kina rarrafe ya rasu.

Babanki da ya dawo ya ce ba komi, ana gyarawa wurin alƙali, shaidu biyu ne. Ya ce in ya dawo daga wagga tahiya. Ya dawo, ya ce bayan salla. Bayan salla injin wani Alhaji ya lalace. Ni kuma ba ni iya tuna mashi, don tunawar sai na kusanci sunan. Haka munka yi ta yi har kinka shekara bakwai, zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi. Ƙannenki biyu da sunka zo bayanki ba su zauna ba. Sai ya zama ke kaɗai ce, ke ɗin ma ba sunan.

Abu biyu za ki ɗauka a nan. Na ɗaya, in kin shiga buro, a can ko a nan, anka tambaye ki abin da kinka sani, ki buɗe baki ki faɗa da ƙarfi. Takarda ba ta san kara ba, abin da anka faɗa mata shi ta ke riƙewa har mutum shi mutu. Kada ki ce ba ki sani ba alhali kin sani, kada kuma ki ce kin gane alhali ba ki gane ba. A yi maki dariyar yini guda ya fi ki ɗauki kaya na shekara ashirin. Na biyu, kada ki ce bayan salla. Babanki ba malalaci ba ne, ke shaida ce, amma "in na dawo" ta cinye shi. Kada ki ce sai kin iya yarensu, sai an yi hutu, sai sanyi ya wuce. Tsohuwa ba ta da bayan salla.

Kuskure na uku ƙarami ne, amma shina cina. Kina aji uku kinka dawo daga lakwal da kuka, hularki a hannu. Yara sun ja maki gashi, sun ce jikar nasara, ba ki da asali, kakanki daga mota ya faɗo. Kinka ce: "Inna, mu su wane ne?" Ga labari cike da cikina, na idon ruwa, na dutse, na mutanen da anka yi ma gori sunka mai da shi sana'a. Labarin da anka ba ni don ke. Na ce maki: "Ci tuwonki, Bahaushiya ce ke." Ban yi ƙarya ba, Bahaushiya ce ke, Bagobira ta wajen kaka, Bakatsina ta wajena. Amma rabin gaskiya na ba ki. Tun ran nan kinka shiga ɗaure kanki tamau, ba ki ƙara tambaya ba. Ni na koya maki jin kunyar abin da ba na kunya ba.

Can kuma za ki iske ta juye. A nan sun ce kin yi fari, can za su ce kin yi baƙi. Wani zai tambaye ki daga ina, ya ƙara tambaya, kamar amsar farko ba ta ishe shi ba. Kada ki sunkuyar da kai irin nawa. Ki ce daga Maraɗi, ki ce kakanki na nan ne, ki faɗi sunan dutsensu. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ruwanshi. Ba roƙon dangi kinka je yi ba. Da karatunki kinka je, da guzurinki, da sallarki. Gaisuwa za ki kai.

Na huɗu kin san shi, shi ya sa kinka yi kwana biyu ba ki yi mani magana ba, kuma kina da gaskiya. Bayan rasuwar babanki, mai garejin da ya ke aiki ya aiko mani da wasiƙa, ta zo ta akwatin gidan waya nasu. Ambulan mai kan sarki na waje, ga sunan nan a baya, ɓaro-ɓaro. Na nuna ma Iya Hassu. Ta dafe ƙirji ta ce: "Ɓoye! Nasara in sun ji suna da jini a wuri, da jirgi su ke zuwa. Ki kwana da ɗiya ki tashi ba ɗiya." Allah shi jiƙan Iya Hassu, don ƙauna ta faɗa, amma ita ma iyakar tahiyarta Ɗan Isa, nan kusa da mu. Na sa wasiƙar cikin kwalla ta ƙasa, na jera sauran bisa kanta. Bayan shekara wata ta zo, na sa. Ta uku ta zo, na sa. Daga nan ba a ƙara ba, na ce alhamdu lillahi, sun gaji.

Ga mushe-mushe masu karatun boko cike da unguwa, ga 'yan mishan da ke jin yaren, ban kai ma kowa ba. Sai bara, da anka ce kin ci karatun Italiya, na ga abin da ni ke gudu ya biyo ta wata ƙofa. Na fiddo su. Kinka ɗora wayarki bisa rubutun tana juya maki, kina karanta mani. Kin tuna abin da ke ciki. Ba jirgi, ba alƙali, ba "a ba mu ɗiyarmu". Tsohuwa tambaya biyu ta yi. Wana shina da kabarin da wani ke zuwa gaishe shi? Akwai yaro ko yarinya da ya rage? Ta ce in akwai, ko hoto. A ta ukun ta ce ba za ta ƙara damunmu ba, wataƙila mun tashi daga gidan. Shekara goma sha biyar tana zaune da wannan, ni ina bisa kwalla kamar kaza bisa ƙwai.

Ki ji ni da kyau: abin da ba ki gane ba, kada ki rufe shi da murfi. Ki kai ma wanda ya iya. Tsoro in ya samu duhu girma ya ke yi. Kuma mai ba ki shawara, ki duba iyakar inda ƙafarshi ta taɓa kaiwa.

Na san abin da ke hana ki zuwa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, irin tawa, a nono kinka sha ta. Kina cewa da wane ido za ki kalle ta bayan shirun nan. To ba shirunki ba ne, nawa ne. Ki ce mata uwata ce, 'yar ƙauye ce, ta ji tsoro, ta ce ki yafe mata. Ki faɗa haka ɗin, kada ki gyara mani. Matar da ke kula da ita a gidan tsofaffi ai ta rubuto maki cewa da anka gaya mata akwai jika, sai ta ce a gyara mata gashi. Mutumin da ya ce a gyara mashi gashi ba faɗa ya ke jira ba.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba.

Ranar da kinka tahi Yamai karɓo biza, na hau kabu-kabu, ni ɗin nan, na ce a kai ni Tibiri. Na riƙe ƙarfen baya har hannuna ya sage. Na fara zuwa kabarin kakanki, kusa da na kakarki, na share, na yi addu'a, na sa mai kabu-kabun ya ɗauki hoto. Shi ne cikin ambulan ɗin nan. Amsar tambayarta ta farko ke nan. Ta biyu ke ce.

Daga nan na ce a kai ni rijiyarshi ta farko, ta bayan gari wajen gulbi. Da hantsi ne, mata sun cika bakinta. Ga famfo ya zo unguwar, amma sun ce ruwan famfo na wanki ne, na sha sai na Mai Rijiya. Na roƙi guga. Wata tsohuwa mai tsage har kunne ta dube ni sama da ƙasa ta ce: "Baƙuwa, daga ina? Wannan jan guga ba na Gobirawa ba ne."

Na ce: "Daga Maraɗi, Iya. Matar ɗan Mai Rijiya ce ni."

Sai wuri ya kaure. Wannan ta ce shi ya ɗauke ta a mota da naƙuda ta zo mata. Waccan ta ce ubanta ya yi aiki da shi, ya ce in ya shiga rami waƙa ya ke yi da yarensu. Tsohuwar ta ce: "Tun muna 'yan mata mu ke shan ruwan bawan Allah nan, muna sa mashi albarka da laƙabi. Wai shi ba shi da suna ne? Ke da kinka zauna gidanshi, mi ne ne sunanshi na can?"

Ladi, sai na ga buron nan ya dawo. Jama'a, ido, tambaya guda. Na ce a raina, sau uku anka tambaye ni na ce ban sani ba, wannan ta huɗu ce, ba kuwa lalle a yi ta biyar. Na ajiye guga na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, har rijiyar ta maido mani.

Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce: "La ilaha! Ta kama sunan suruki da rana tsaka! 'Yan Maraɗi kun gama lalacewa." Mata sunka fashe da dariya. Na ce: "Iya, ke kinka tambaya." Ta ce: "Na tambaya don in gani ko kina da kunya. To tun da kin riga kin zubar, sake faɗa in ji da kyau." Na sake. Sunka shiga gwadawa, kowa da irin tata karkatar, ana shewa. Na ba su labarin idon ruwan, duk wanda akuya ta ji. Da na gama, tsohuwar ta leƙa cikin rijiya ta daɗe, ta ce: "To wannan dai ba ta ƙone ba. Ko shekarar da gulbi ya bushe ba ta ƙafe ba." Ta ɗaga hannu ta yi mashi addu'a da sunanshi, munka shafa.

Ƙasa ba ta tsage ba, Ladi. Na dawo gida na ci tuwona.

Cikin zanen nan mai ruwan goro da na ce kada ki kwance sai kin isa, akwai abu biyu. Ƙaramar kwalba, ruwan rijiyar ne, na toshe bakin da kyau. In likitocinsu sun hana ta sha, ki zuba mata a tafin hannu. Ɗayan kuma ƙarfen awon kakanki ne, jan ƙarfen nan mai tsini da ya ke sakawa da igiya cikin rami don gini shi miƙe. Na ubanshi ne. Tun da ba ta gani, ki sa mata a hannu, za ta gane shi. Sunan shina jiki an sassaƙa, daga nan ni ke kwafar baƙaƙen. In ta ce ki bar mata, ki bar mata. In ta maido maki, naki ne, ke ce mai karatun ruwa.

Maganar takarda kuwa, na je wurin alƙali na tambaya, takalmina a ƙafa. Sun ce ana iya dubawa in kin dawo, da takardun babanki da shaidu. Takardun suna wurina, shaidu kuwa yanzu ina da su cike da bakin rijiya. Ba ni tilasta maki. In kin so ki ɗauka, in ba ki so ba ki bari, kin girma. Amma ki zaɓa bayan kin ga tsohuwa, ba kahin ba.

Sauran ba sai na faɗa ba. Ki riƙe salla ko rana ta ƙi fitowa. Ki rufe ƙirjinki da wuyanki. Ki ci abincinsu, taliya ce, kakanki ya ce tawa ta murji ta kusa kamo ta uwarshi, kin ga ba za ki mutu da yunwa ba. Ki kira ni ran Juma'a, amma kira na farko ni ke so in ji muryar tsohuwa kusa da taki.

Allah shi kai ki gare ta tana da rai. Allah shi buɗa maki karatu, shi tsare ki daga sanyi da kaɗaici da mugun aboki, shi maido mani ke da ƙafafunki. Allah shi jiƙan babanki da kakanninki, shi sa ruwan da sunka shayar shi zama sanyi a kabarinsu. Na yafe maki duniya da lahira, ke ma ki yafe mani.

In kin shiga ɗakinta, kada ki tsaya a bakin ƙofa kina jan mayafi. Ki matsa, ki kama hannunta, ki faɗi sunanki, sa'an nan ki faɗi wanga. Ga shi da hannuna, ban goge ko baƙi ɗaya ba:

Fontarsa.

Ni ce uwarki,
'yar Jiratawa.